Kun sayar da motar, to wa zai gyara ta?

Duk wanda ya taɓa zama da manajan sashen gyara na irin manyan kamfanonin nan masu sayar da sababbin motoci, ko a Abuja ne ko Kaduna ko Kano, ba zai daɗe ba zai ji kukan da suka saba yi, wai babu makanikai. Wai sun saka talla, takardun neman aiki sun zo sun cika kwali, amma in aka ware mutum biyar aka kira su aka ɗaga mota a kan lif aka ce to bismillah, nemo mana abin da ke damunta, sai ka ga mutum yana zagaya mota yana shafa gemu. Ni ban ce ƙarya suke yi ba, ƙwararren makanikin motar zamani yana wahalar samu, wannan kam haka yake. Abin da ban yarda da shi ba shi ne yadda suke faɗin maganar kamar wata annoba ce da ta faɗo musu daga sama babu hannunsu a ciki. Ku ne fa kuke shigo da motocin, ku ne kuke karɓar miliyoyin, ku ne kuke ba mutum takardar waranti kuna ce masa kar ya kuskura ya kai ta garejin bakin titi, to wa kuke jira ya rainar muku mai gyaran?

Mota dai ta canza, kuma ba ƙaramin canji ba. Zamanin Peugeot 504 da 505 makaniki yana iya kasa kunne ya ji ƙarar inji ya ce maka fulogi ne ko kafireta ce, ya kwance ta ya wanke da fetur ya hura da baki ya mayar, ka tada ka kama hanyar Zariya lafiya lau. Yanzu motar da ke gabanka kwamfutoci ne a jikinta birjik, na inji daban, na giya daban, na birki daban, na balan-balan ɗin kariya daban, kuma duk suna magana da juna ta waya. Tun 1996 Amurka ta wajabta wa motocin da ake sayarwa a can wannan kafar da ake soka na'urar bincike a ƙarƙashin sitiyari, kuma yawancin 'yan Kwatano da muke hawa daga can suke fitowa, wato kusan shekara 30 ke nan da abin ya zama dole amma har yau akwai garejin da in fitilar cek injin ta kama maganinta shi ne a cire kan batir a mayar, in ta dawo a liƙe ta da baƙin salatif. Wallahi na ga wannan da idona, kuma mai motar har godiya ya yi.

Sannan ga abubuwan da suka zama kamar al'ada. Mota ta zo daga waje, abu na farko a cire mata tamostat, wato abin da ke daidaita zafin inji, a haɗa fanka kai tsaye, wai ai wannan na ƙasar sanyi ne mu nan zafi gare mu, alhali injin an ƙera shi ne ya yi aiki a wani mizanin zafi, in bai kai ba kwamfutar za ta yi ta ɗura masa mai tana zaton har yanzu bai ɗumama ba, sai mai mota ya dawo yana kukan tana shan mai. Injin da kamfani ya rubuta a kan murfinsa ƙarara cewa baƙin mai mara kauri, 0W-20 ko 5W-30, yake sha, sai a juye masa 20W-50 mai kauri don wai shi ne mai ƙarfi. Giyar CVT, irin otomatik ɗin nan mai buƙatar manta na musamman, a zuba mata man giya na gama-gari, bayan wata biyu ta fara fizga, a ce ai dama irin motocin nan giyarsu ba ta da kyau. A fasa salansa a cire abin nan mai tace hayaƙi da ake kira indomi a sayar, sensar da ke bayansa ta rikice. In kuma abu ya gagara gaba ɗaya to hukunci ɗaya ne, Alhaji biren bos ne, wato kwamfutar motar, sai an canza.

Kar wani ya ɗauka zagin kanikawan bakin titi na zo yi. Sam. Mutanen nan su ne suka riƙe ƙasar nan a kan taya, in ka shiga Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna ko Apo a Abuja za ka ga abin da hannu ke yi har ka riƙe baki, mutum ya sauke inji da sarƙa a jikin bishiya ya wargaza shi a kan buhu ya haɗa shi ba tare da ko kusa ɗaya ta yi saura ba. Matsalar ita ce abin da maigida bai sani ba yaronsa ba zai sani ba, shi kuma maigidan a kan kafireta ya koya, babu wanda ya taɓa zaunar da shi ya nuna masa yadda ake karanta zanen wayarin ko yadda ake auna wuta da mita. Yaro yana shiga gareji yana ɗan shekara 12 ko 13, shekara biyun farko aikinsa miƙo sifana 12, miƙo 14, wanke kaya da fetur, sayo wa oga shayi, a hankali a bar shi ya yi juye, ya canza birki, har ya kai ga buɗe inji, ya yi shekara shida ko bakwai kafin a yaye shi. Hannunsa ya faɗa, idonsa ya buɗe, ga juriya, ga sanin halin kwastoma, amma in na'ura ta fito masa da lambar matsala irin P0171 sai dai ya ɗauki hoto ya tura wa wani a WhatsApp.

To ga yara nan dubbai, rabin aikin an riga an yi wa kamfanonin kyauta. Saura rabin, wato karatun, shi ne ba sa son biya.

Da ba haka abin yake ba, kuma wannan ne yake ba ni haushi in na tuna. Kamfanin Peugeot na Kaduna, PAN, ya fara haɗa motoci a Kakuri a 1975, kuma a wannan zamanin ne aka kafa Volkswagen a Legas, Leyland a Ibadan, ANAMMCO masu Marsandi a Inugu, Steyr a Bauchi, da na manyan motocin Fiat a Kano. Waɗannan kamfanonin ba su zo sun tarar da ƙwararru suna jiransu a bakin ƙofa ba, ɗaukar samari suka yi daga makarantun koyon sana'a suka horar da su, wasu har ƙasashen waje aka tura su, kuma dilolinsu da ke garuruwa su ma suna da garejin da ke bin tsarin kamfani. Shi ya sa har gobe in ka ga wani dattijon makaniki mai tsabtar aiki, wanda yake jera kusoshi a tire bi da bi, yake ɗaure kan inji da sifanar awo maimakon ya taka da ƙafa, in ka bincika sau da yawa za ka ji ko dai ya yi PAN ko wanda ya koya masa ya yi. Da darajar naira ta fara zubewa daga 1986, sabuwar mota ta fi ƙarfin ma'aikaci, gwamnati ma da take saye ta juya wa na gida baya, 'yan Kwatano suka cika ƙasa, sai masana'antun suka durƙushe ɗaya bayan ɗaya, horon ma ya bi su. PAN dai har yanzu suna da cibiyar koyarwa a Kaduna, gwamnatin Kano ma ta taɓa tura matasa can a zamanin Ganduje har da mata, kuma Dangote ya shigo harkar haɗa Peugeot a Kadunan, amma cibiya ɗaya ko biyu ina za su kai a ƙasar da ke da mutum sama da miliyan 200? Dattawan nan kuma ƙarewa suke yi, wasu ido ya raunana, wasu sun koma ga Allah.

Yanzu bari mu duba yadda dilolin yau suke ɗaukar ma'aikata. Za ka ga talla an rubuta ana neman mai HND ko digiri a injiniyancin motoci, da gogewar shekara biyar, da iya aiki da na'urar bincike, kar ya wuce shekara 30. Haba jama'a. Wanda ya yi HND ɗin a yawancin makarantunmu injin da ya gani a wokshop tun na zamanin kakansa ne, shi ma sau nawa aka bari ya taɓa, wanda kuma yake da gogewar shekara biyar ɗin ba shi da HND don yana ƙarƙashin mota lokacin da wancan yake aji. Mutumin da suke nema a takarda kusan babu shi, in ma akwai shi to yana wani kamfanin, sai a bi ta bayan gida a ƙara masa dubu talatin a ɗauke shi, bayan shekara wani ya ƙara masa hamsin ya ɗauke, haka 'yan ƙwararrun da ba su taka kara sun karya ba suke ta zagayawa tsakanin kamfanoni huɗu ko biyar, babu wanda ya ƙara ko mutum ɗaya a cikin adadin. Kowa so yake ya ci 'ya'yan itacen da wani ya dasa.

Akwai ɗan yayata da ya yi shekarunsa a gareji, wayarin ya fi ƙwarewa a kai, irin yaran nan ne da suka koya wa kansu abubuwa da yawa a YouTube, ya tara kuɗi ya sayi 'yar ƙaramar na'urar bincike da ake haɗawa da waya. Ya je neman aiki wani kamfanin da ba zan kama suna ba. A bakin get mai gadi ya fara tare shi saboda ba shi da fayil a hannu, da ƙyar aka bar shi ya shiga, ya zauna a ɗakin jiran baƙi mai sanyin esi da kujerun fata da talabijin, can aka kira shi. Tambayar farko ina takardunka. Ya ce yallaɓai sakandare na gama sai takardar yaye daga wurin maigidana, amma in da hali a ba ni mota ko wacce iri ce a gwada ni. Aka ce masa ba haka tsarin yake ba, sai dai in zai yi aikin wankin mota da share wokshop kafin a ga hali. Da zai fita ta baya aka bi da shi, ya ce min kawu ka ga wurin kuwa, rufin kwano ne zafi kamar gidan burodi, fanka ɗaya ce ke aiki, makanikai suna cin abinci a zaune a kan tsofaffin tayoyi, ga wata sabuwar jif an buɗe mata gaba an ce kwana tara tana nan ana jiran wani ya zo daga Legas ya duba ta. Ya ce wallahi kawu hannuna har ƙaiƙayi yake yi. Yau yana nan da rumfarsa da yara uku a ƙarƙashinsa, kuma wani abin dariyar, motocin da warantinsu ya ƙare daga irin waɗannan kamfanonin wurinsa ake kawo wasu.

Wannan bambancin tsakanin gaban shago da bayansa shi ne asalin ciwon a ganina. Mai sayarwa yana sanye da kwat, yana da kamasho a kan kowace mota, shi ake kai wa taro a otal, shi ake ɗauka hoto da Alhaji ranar miƙa makulli. Makaniki kuwa ko sunansa kwastoma bai sani ba. Alhali duk wanda ya san harkar zai gaya maka mota sau ɗaya ake sayar da ita amma sabis da kayan gyara shekara da shekaru ake yi ana biya, kuma mutumin da ya sayi motar farko ba murmushin mai kwat ne zai dawo da shi ya sayi ta biyu ba, yadda aka yi masa ranar da ta lalace ne. Balle kamfanoni da ma'aikatu masu sayen mota ashirin ko hamsin a lokaci ɗaya, su abin da suke tambaya kafin komai shi ne in ta tsaya a Gusau ko Damaturu wa zai zo, kuma cikin kwana nawa.

Albashin kuma fa? Mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan tun 2024 naira 70,000 ne, kuma kowa ya san abin da 70,000 take saye a kasuwa yau. Makanikin da ya iya aikinsa, mai rumfar kansa, in ya samu saukar inji ɗaya da gyaran giya ɗaya a sati ya wuce nan nesa ba kusa ba, ga shi ba mai yi masa tsawa, in an yi rasuwa ko suna ya rufe ya tafi. To don me zai zo ya tsaya maka daga takwas zuwa biyar a kan abin da bai fi ƙarancin albashin da komai ba, a yanke masa kuɗi in ya makara, in kusa ta ɓalle a ce shi zai biya? Lissafi ne fa kawai, su ma sun iya shi.

Na san amsar da masu kamfanin za su ba ni don na sha jin ta. Za su ce mun gwada, ka ɗauki yaro ka kashe masa kuɗi ka tura shi kwas, ranar da ya iya sai ya ajiye maka aiki ya buɗe nasa, har ya janye maka kwastomomi. Wannan gaskiya ne yana faruwa, kuma akwai ciwo. Amma a tambayi yaran me ya sa suke tafiya mana. Mutum ya shiga a matsayin makaniki, bayan shekara takwas yana nan a makaniki, albashin ya ɗan motsa kaɗan, babu wani mataki da zai hango ya ce in na kai nan zan zama kaza, kuma ranar da kujerar fomen ko ta manajan wokshop ta samu sai a kawo wani daga waje mai digiri wanda bai taɓa ƙona hannunsa a jikin lagireto ba a ɗora masa. Ko kai ne za ka zauna? In da an tsara abin a fili, matakin farko mai juye da birki, na biyu mai inji da giya, na uku mai bincike da wayarin, na huɗu babban ƙwararre mai koyar da na ƙasa, kowane mataki da jarrabawarsa da ƙarin kuɗinsa a rubuce, da yawa ba za su tafi ba. Kuma babu laifi a yi yarjejeniya, mun kashe maka kaza, za ka yi mana shekara uku, in za ka tafi kafin nan ka biya saura, wannan adalci ne muddin albashin na mutunci ne ba bauta ba. Wanda ma ya tafi bayan ya cika alkawari ba asara ba ce, wurinka zai riƙa zuwa sayen kayan gyara na asali, kuma motarka ce yake gyarawa daidai a garin da ba ka da reshe.

Wani abin da mutane da yawa ba su sani ba, kamfanonin nan suna biyan kuɗin horo ko sun horar ko ba su horar ba. Asusun horar da ma'aikata na ITF da aka kafa a 1971, mai hedikwata a Jos, doka ta ce kamfanin da ya kai wani girma ya zuba masa kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin ma'aikatansa duk shekara, kuma in ka horar da ma'aikatanka bisa ƙa'ida kana iya neman a dawo maka da har rabin abin da ka zuba. To wanda ya biya ya ƙi horarwa wa ya cuta?

Ƙarancin makanikai ba mu kaɗai yake damu ba. A Amurka shugaban kamfanin Ford, Jim Farley, ya koka a 2025 cewa akwai guraben makanikai wajen 5,000 a dilolinsu da aka rasa masu cikewa duk da albashi mai tsoka. Su ma suna da nasu kuskuren, a can yawanci makaniki shi yake sayen kayan aikinsa da kuɗinsa, kuma ana biyansa ne da awannin da littafi ya yanka wa kowane aiki ba awannin da ya yi a tsaye ba, in littafi ya ce awa biyu kai kuma tsatsa ta riƙe ka awa biyar to biyu za a biya ka, wannan ya kori matasa da yawa kuma ina roƙon kar wani manaja a nan ya kwaso mana shi da sunan zamani. Amma aƙalla su suna yin wani abu, Toyota da Ford da GM duk suna da shirin haɗin gwiwa da kwalejoji inda ɗalibi yake raba lokacinsa tsakanin aji da garejin dila. Jamus kuwa nan ne gidan abin, yaro yana yin shekara 3 da rabi yana koyon gyaran mota, wasu kwanaki a makaranta wasu a kamfani, ana biyansa tun daga watan farko, ya gama ya yi jarrabawa ya samu shaidar da duk ƙasar ta yarda da ita. In ka duba da kyau ai tsarinmu na maigida da yaronsa ne, an dai ƙara masa aji da albashi da takarda.

Shi ya sa ni a ganina inda ya kamata dila ya fara neman ma'aikata ba intanet ba ne. Ya cire girman kai ya taka zuwa gareji, ya zauna da shugabannin ƙungiyar makanikai ta NATA da iyayen gidan da aka san su da gaskiya, ya ce Oga cikin yaranka wa ka fi yarda da hannunsa da amanarsa, ba ni biyu. Maigida ya san yaron da ke ɓoye kusa in ta rage, ya san wanda ke zuƙe fetur ɗin kwastoma, ya kuma san wanda zai kwana a kan matsala har sai ya gano ta, abin da babu wata intabiyu ta minti ashirin da za ta nuna maka. A kuma girmama maigidan, a yi masa ihsani, a riƙa gayyatarsa shi ma in ana kwas, don in ya ji kamar ƙwace masa yara ake yi ba zai sake ba da na kirki ba. Gwajin ɗauka kuma ya zama a jikin mota, a cire wani fis ko a kwance wata waya a ɓoye a ce nemo, a tsaya a ga yadda yake tunani, shin canje-canjen kaya zai fara ko aunawa.

Batun takarda ma akwai hanya. Hukumar kula da ilimin fasaha ta NBTE da ke Kaduna tana da tsarin shaidar ƙwarewa na ƙasa wanda ake iya auna abin da mutum ya riga ya iya a ba shi mataki ko da bai zauna a aji ba, kuma an yi irin wannan ƙoƙarin da masu sana'ar Panteka. Ga tiredi tes na ma'aikatar ƙwadago, ga jarrabawar NABTEB, ga hukumar bunƙasa ƙera motoci ta NADDC da ke shirya wa makanikai horo kan motocin zamani. Abubuwan suna nan a warwatse, wanda zai ɗinke su ne babu, kuma dila ne ya fi kowa dacewa da ɗinkin don shi ne yake da motocin da na'urorin da littattafan kamfani.

Sai maganar harshe, wadda ban taɓa jin wani manaja ya ɗauke ta da muhimmanci ba. Littafin gyara da Turanci yake, na'ura da Turanci take magana, yaronmu kuma Turancinsa na sakandaren gwamnati ne. Wannan ba daƙiƙanci ba ne. Turancin da makaniki yake buƙata ba shi da yawa, kalmomi ne 'yan ɗaruruwa da suke ta maimaita kansu, in aka samu malami mai jin Hausa ya yi masa bayanin yadda wuta ke tafiya da Hausa, ya nuna masa a jikin mita, sannan ya ce to ga sunansa a littafi, cikin 'yan watanni za ka sha mamaki. Amma a kawo wani ya tsaya da majigi yana ta zuba Turanci kwana uku a otal, a raba satifiket da jaka a ɗau hoto, wannan ba horo ba ne, cin kuɗin horo ne.

Mu ma jama'ar gari akwai namu. Wane yaro muke kaiwa gareji? Wanda boko ya ƙi, wanda ya gagari gida, wai a je a koya masa ko gyaran mota ne. Mai ƙoƙarin lissafi kuwa sai dai likita ko injiniyan ofis, ko da zai gama ya shekara biyar yana yawo da fayil. Makaniki ya je neman aure a tsaya ana kallon farcensa, alhali shi ke ciyar da gidansu har da mai digirin. Motar yau kuma mai kaifin ƙwaƙwalwa take so, wanda zai zauna da zanen wayarin shafi guda ya bi layi ɗaya har ya gano inda ta yanke. Mata ma an bar su a baya ba dalili, Sandra Aguebor ta kafa shirinta na horar da mata kanikanci tun 2004 kuma ta yaye da yawa, aikin bincike da na'ura ba ƙarfin damtse yake so ba, sannan matan da ke tuƙi a Kano da Kaduna da Abuja yanzu ba kaɗan ba ne, da yawansu za su fi sakewa su yi wa mace bayanin motarsu.

Abin da ya sa nake ganin maganar ba ta jira ba ce, tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 ake ta mayar da motoci kan gas ɗin CNG, tukunyar nan kuma matsin da ke cikinta yana kai bar 200 a ma'aunin matsi, ba abin da mai walda zai ƙera a bayan gida ba ne, mun ga yadda wata ta tarwatse a gidan mai a Benin a 2024 ta raunata mutane. Ga motoci masu haɗin batir da inji suna ta shigowa, batirin Prius kaɗai ya kai bolt 200, wayoyin nan masu ruwan lemo in ka kama su da hannu kamar yadda ka saba kama na batir mai bolt 12 sai dai wani ba kai ba. Ga motocin China, GAC da Changan da Geely da Chery, sun cika ma'aikatu da gidajen gwamnati, masu lantarki zalla ma sun fara shigowa. Kayan gyaransu ba a Ƙofar Ruwa suke ba tukuna, manhajar bincikensu tana hannun dila, to in dilan bai horar ba wa zai horar?

A nan ne nake ganin gwamnatocin jihohinmu suna da sanda a hannu ba sa amfani da ita. Duk sabuwar gwamnati sai ta sayi motoci na biliyoyin naira, na kwamishinoni, na 'yan majalisa, na sarakuna, na jami'an tsaro, bas-bas na sufuri. Me zai hana a rubuta a cikin kwangilar cewa duk kamfanin da zai kawo mota ɗari sai ya buɗe wurin sabis a cikin jihar, ya ɗauki yara kaza daga kwalejojin fasaha da garejojin garin ya horar da su shekara biyu da albashi, kuma ba za a biya shi kason ƙarshe na kuɗinsa ba sai an je an ga yaran a bakin aiki an gwada su? Ba sabuwar hukuma ake buƙata ba, ba kwamiti ba, sakin layi ɗaya ne a takardar da dama sai an sa mata hannu. Duk wanda yake shakka ya leƙa bayan sakatariyar jiharsu ko harabar hukumar sufuri ya ƙirga motocin da ba su kai shekara biyar ba da suke zaune a kan duwatsu, ya tambayi direbobin me ya kashe su, zai ji da yawa ba hatsari ba ne, wata 'yar sensa ce ko matsalar giya da aka rasa mai dubawa, aka yi ta jiran mutumin Legas har aka fara kwance musu tayoyi.